Ingilishin da Ba a Koya Mana a Lakwal Ba

Jama'ar Zongon Lome, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan kasuwa, direbobi da yaran mota da ke jiran lodi a Terminal du Sahel, 'yan makaranta da suka dawo gida, barkanmu da war haka. Masu kama mu daga Agoè da Adétikopé, da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Aflao, sannunku da ƙoƙari.

Yau zancenmu a kan harshen Ingilishi ne, amma lungu ɗaya kawai za mu shiga, lungun da na lura ya fi kayar da mutanenmu, har da waɗanda suka yi nisa a karatu. Za ka ga yaro ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare, in ka miƙa masa jaridar Gana zai karanta ya gaya maka abin da ke ciki. Amma ranar da ya buga waya wani ofis a Tema, matar da ta ɗauka ta ce masa "hold on, I'll put you through", sai ya yi tsuru-tsuru. Kalmomi shida ne, kuma babu wadda bai sani ba. Ya san "hold" riƙewa ne, "on" bisa abu ne, "put" ajiyewa, "through" ratsawa. Ya jera su a ransa, suka ba shi "riƙe a kai, zan ajiye ka ta ciki". Ita kuwa baiwar Allah cewa take yi: dakata, kada ka kashe, zan haɗa ka da wanda kake nema.

Wannan haɗi na aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa shi masu nahawun Ingilishi ke kira "phrasal verb". Mu a shirin nan za mu riƙa ce masa aikatau mai jela, tunda jelar ce ke juya shi. Yana da ɗan'uwa, wato salon magana, jimlar da ma'anarta ba ta kwance a cikin kalmominta ɗaya bayan ɗaya, wadda suke kira "idiom". Za mu taɓa su duka biyun.

Wani zai ce, mu da muke ƙasar Faransanci, ina ruwanmu? Amsar tana bakin iyaka. Ka hau zemijan, wato babur ɗin haya, daga babbar kasuwar Asigame, kafin hira ta yi nisa kun isa Aflao, daga nan kuwa takardar shige da fice, rasit, allon kan hanya, duk da Ingilishi ne. Ta gabas ma, da ka wuce Kwatano ka isa Seme, haka zancen yake har Legas. A kasuwar gwanjo ta Hédzranawoé da yawan manyan dillalan 'yan Najeriya ne. Mai sayo kaya daga Dubai ko Guangzhou ya san harshen da saƙonnin WhatsApp ke zuwa masa da shi. Ecobank da kamfanin jiragen sama na ASKY duka a nan Lome hedkwatarsu take, kuma mai neman aiki a irin waɗannan wurare, harshe biyu ya fi masa ɗaya. Ga shi a watan Yuni na 2022, a taron Kigali, Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth tare da Gabon. Abin ma ba sabo ba ne a garin nan. Bayan an kori Jamusawa a 1914, Turawan Ingila ne suka riƙe Lome har 1920. Yammacin tsohuwar Togo ta Jamus kuma ya shige cikin Gana bayan ƙuri'ar 1956, har da Kete-Krachi, garin da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Shi ya sa a gida ɗaya cikin Zongo za ka tarar ɗan wa ya yi lakwal, wato makarantar Faransanci, a Lome, ɗan ƙane ya yi boko a Kumasi ko Nima, in biki ya haɗa su Hausa ce ke sada su.

Bari in ba ku wani abu da ya faru a gabana, don ku ga abin ya wuce zancen jarrabawa. Wani Alhaji mai sarin kayan gini yana jiran mota daga Tema, ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga hannun wasu baƙinsa 'yan arewa. Sai ga saƙo a wayarsa. Ya miƙa wa yaron shagonsa, wanda shi ne mai karatun gidan. Saƙon ya ce: "The delivery has been put off. We will get back to you." Yaro ya duba, idonsa ya faɗa kan "off". Ya san "off" daga makunnin fitila, kashewa ne. Ya ɗago kai ya ce, "Baba Alhaji, sun fasa." Alhaji ya ce, "Ka duba da kyau, ɗana." Ya ce, "Wallahi Baba haka suka rubuta, sun kashe maganar." Alhaji mutum ne mai gudun cin amanar baƙo, nan take ya aika aka sayo kayan a cikin gari da tsada, ya sallami baƙinsa ba tare da ya ci ko sisi ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga mota daga Tema ta tsaya a ƙofar shago, cike da kaya, ana jiran kuɗi. "Put off" ɗagawa ne zuwa wani lokaci. Fasawa ita ce "call off". Jela ɗaya ce, aikatau ne ya bambanta. Jimla ta biyun kuma, "get back to you", cewa take za mu sake tuntuɓarka, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna magana ba ta mutu ba. Ban ga laifin yaron ba. Shekarunsa na koleji da lise an koya masa Ingilishi, amma ba wannan aka ba ƙarfi ba.

Mu da muka bi ta Faransanci akwai tarkon da ke jiranmu, kuma tsohon tarko ne. A shekarar 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnoni, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi, wasu kuma suka biyo daga Latin. Saboda haka ɗan lakwal in ya ga "continue", "abandon", "refuse", "tolerate", "discover", sai ya ji ai gida ne. Amma talakan Ingila bai taɓa sakin gajerun kalmominsa na gado ba. Inda takarda ta ce "continue", baki yakan ce "go on". Inda ta ce "abandon", ya ce "give up". "Refuse" ya zama "turn down", "tolerate" ya zama "put up with", "discover" ya zama "find out". Kai in ka yi magana da dogayen kalmomin nan za a gane ka, ba wanda zai tsayar da kai, sai dai a ji ka kamar mai karanta wasiƙar gwamnati. Matsalar tana wurin ji. Abin da zai fito bakinka kai ke zaɓa, amma abin da ɗan sanda zai ce maka a hanyar Akara shi ke zaɓa. Kuma wahalar ba a kanmu ta fara ba. Tun 1755, Samuel Johnson, wanda ya rubuta shahararren ƙamusun Ingilishi, ya ambata a gabatarwarsa cewa wannan haɗi shi ya fi wahalar da baƙi masu koyon harshen.

To, ga abin da nake so ku riƙe daga shirin yau. In za ka koyi aikatau mai jela, kada ka bi ta Faransanci, bi ta Hausa. Faransanci ba shi da irin wannan gini sosai, Hausa kuwa cike take da shi, sai dai mu tamu jelar a manne take da jikin aikatau.

Ku saurara. Saya, sayo, saye, sayar. Tushe ɗaya ne, amma wanda ya sayo ya kawo nan, wanda ya saye bai bar wa kowa ba, wanda ya sayar kuwa kaya sun bar hannunsa. Fita, fito, fitar. Ɗauka, ɗauko, ɗauke. Aika, aiko. Ci, cinye. Sha, shanye. Babu ɗan shekara biyar a Zongo da zai rikita "tafi" da "taho". Aikin da waɗannan ƙarshen kalmomi ke yi mana, shi "up" da "out" da "off" da "back" ke yi wa mai Ingilishi. In uwa a Landan ta ce wa ɗanta "eat", ci ta ce. In ta ce "eat up", cinye ta ce. "Drink up" shanye ne. "Buy up" saye ne. "Use up", an yi amfani da abu har ya ƙare. "Fill up", cika fal, shi za ka ce a gidan mai. "Lock up", a kulle ko'ina. "Tie up", ɗaure tam. Kun ga a duk waɗannan babu abin da ya hau sama. Wanda ya tsaya kan cewa "up" sama ne, zai yi ta neman sama inda babu ita.

"Out" fita ne, kuma daga fita ya miƙe zuwa ƙarewa. "Sold out", kaya sun ƙare, an saye. "We have run out of cement", siminti ya ƙare mana, ba wanda ya gudu ko'ina. "Worn out", taya ta suɗe, ko mutum ya gaji tiɓis. "Find out", ka tono gaskiya ta fito fili. "Off" rabuwa ce da yankewa: "cut off" yanke, "set off" kama hanya, "lay off" sallamar ma'aikata, "drop off" sauke fasinja ko kaya. "Back" shi ya fi sauƙi, komawa ne da dawowa: "come back" dawo, "bring back" dawo da shi, "call back" sake kira, "give back" mayar. "On" sau da yawa ci gaba ne, kamar "go on", "carry on", "keep on". "Down" kuma raguwa ne ko tsayawa: "slow down" rage gudu, "calm down" kwantar da hankali, "break down" mota ta lalace, "close down" an rufe shago ba ranar buɗewa.

Ba zan ruɗe ku in ce wannan mabuɗi yana buɗe kowace ƙofa ba. Akwai waɗanda jelarsu ba ta bin wata ƙa'ida da za ka kama. "Give up" sallamawa ne, a bar abu. "Turn up" mutum ya bayyana. "Make up" yana iya zama shirya ƙarya, yana iya zama sulhu bayan faɗa. "Look after" kula da wani ne, "look for" nema, "look into" bincike, "look out" kuwa gargaɗi ne, yi hattara. Waɗannan haddace su ake yi dunƙule. Amma nan ma Bahaushe ba baƙo ba ne. Ku duba kalmar "ci". Mutum ya ci abinci, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutunci, ya ci sarauta, ya ci gaba, kasuwa ta ci, wuta ta ci gida. Ku duba "sha": sha wahala, sha iska, sha kashi, sha alwashi. Muna kashe kuɗi, muna kashe fitila, muna kashe aure. Muna buga waya, muna buga ƙwallo, muna buga littafi. Wa ya taɓa zaunar da ku ya bayyana muku dalilin da ya sa ake cin bashi ba a shan sa? Kun ji ne a bakin manya, a wurin da ya dace, sau da yawa, har ya zauna. Abin da "get" da "take" da "put" suke a Ingilishi ke nan. Ɗauki "take off": jirgin sama ya tashi, mutum ya cire takalmi, mai kaya ya rage wani abu daga farashi, sana'a ta bunƙasa. Ɗauki "pick up": ɗauko kaya, ɗaukar fasinja, ɗaga waya, tsintar harshe a titi ba tare da malami ba, kasuwa ta farfaɗo bayan ta yi sanyi. Wurin da aka faɗi maganar shi ke gaya maka wacce ake nufi.

Kada yawansu ya karya muku gwiwa. Ƙamusun da aka keɓe musu suna ɗauke da dubbai, amma ba duka ake amfani da su kullum ba. A 2007 wasu masana biyu, Dee Gardner da Mark Davies, sun bincika wani rumbun rubutu da maganar mutanen Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Suka tarar aikatau 20 kacal, haɗe da jela 8, su suka ɗauki fiye da rabin duk inda irin wannan haɗi ya fito. Jelar takwas su ne "out, up, on, back, down, in, off, over". Cikin aikatau ɗin akwai "go, come, take, get, set, turn, bring, look, put, pick, make, give". Haɗi 25 kaɗai sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai sun kuma gano cewa guda 100 da suka fi yawo suna da ma'anoni 559 a tsakaninsu, wato kowanne biyar ko shida. Ma'ana, wanda ya san ɗari ɗin nan ciki da waje ya fi wanda ya haddace dubu sama-sama.

Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 aka maido shi nan arewa, bakin babbar hanya muke zaune, cinmu da shanmu a kan mota da kaya da kuɗi yake. Don haka daga nan ya kamata mu fara. Direba, in mai kaki ya ɗaga maka hannu ya ce "pull over", gangara gefen hanya ka tsaya. In ya ce "hand over your papers", miƙa masa takardu. In aka ba ka takarda aka ce "fill it in" ko "fill it out", duka cikewa ne, kada "in" da "out" su sa ka zaci kishiyoyi ne. Ɗan kasuwa, kai kuma ga dangin biya. "Pay for" biyan kuɗin abu. "Pay back" mayar da rance. "Pay off" biyan bashi kaf har a yage takarda. "Pay in" zuba kuɗi a asusun banki. "Pay up" kuwa da zafi yake zuwa, mai bin ka ne ya gaji da jira, kuma kai ma kada ka rubuta wa mutumin da kake ganin girmansa haka. In ka ji abokin ciniki ya ce "you ripped me off", cewa yake ka cuce shi, maganar ta kai a zauna.

Akwai kuma aikin kunne. A takarda kalmomin a rarrabe suke, a baki kuwa narkewa suke yi. "Pick it up" za ka ji shi kamar "pikitap". "Put it off" ya koma "putitof". Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, murya a kan jela take sauka, don haka ƙarshen maganar za ka kasa wa kunne. Na biyu, "it" da "him" da "them" tsakiya suke shiga: ana cewa "pick it up", ba a cewa "pick up it". Amma wasu ba sa yarda a raba su, irin "look after him". Wannan ma da ji ake kama shi.

Mu juya ga salon magana. A nan ina da ƙorafi kan yadda ake koyar da shi. An fi son a ba yara masu ban mamaki, irin "it's raining cats and dogs", wanda shi ne namu na ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yana da daɗin ji, amma za ka daɗe kana hulɗa da masu Ingilishi ba ka ji wani ya faɗe shi ba. Waɗanda ke kayar da mutum su ne waɗanda ba su yi kama da salon magana ba ko kaɗan. Mutum ya ce maka "I'm afraid we can't", ba tsoro yake ji ba, ladabi ne na ba da haƙuri kafin a ce a'a. Kana kukan tsadar rayuwa ya ce "tell me about it", ba labari yake nema ba, cewa yake ni ma ina ciki. Ya ce "you can say that again", kada ka maimaita, ya yarda da kai ne ɗari bisa ɗari. "It's up to you", ya rage naka. "Help yourself", bismillah, ɗebi da kanka. "Never mind", bar shi, ba komai. Wanda ya fi su haɗari shi ne "do you mind". In wani ya ce "do you mind if I sit here", tambayarsa ita ce ko zai dame ka. In ka ce "yes" da nufin maraba, ka kore shi ke nan. Amsar mai yarda ita ce "no, not at all". Ku tuna da baƙon da ya fara shiga kasuwarmu, ya taya kaya mai kaya ya ce masa "albarka", shi kuma ya sa hannu aljihu don ya zaci an sa wa cinikin albarka. Ƙamus bai yi masa ƙarya ba, zama da mutane ne bai yi ba.

Wasu kuwa da ka ji su za ka tarar muna da nasu a gida. "It costs an arm and a leg", ɗan karen tsada. "A piece of cake", kamar shan ruwa. "Out of the blue", kwatsam, ba zato ba tsammani. "Stop beating about the bush", bar kwana-kwana. "Under the table", cin hanci. "Make ends meet", samun abin rufin asiri da ƙyar. Hanyar da ta fi ita ce ka nemo wa kowanne takwaransa na Hausa, ba fassarar kalma da kalma ba. Haka ma in za ka juya namu. Kada ka ce wa Bature wane yana da "white blood" don kana nufin farin jini, zai ɗauka rashin lafiya ce.

Ina roƙonku ku yi hattara da maganar rasuwa da rashin lafiya, don nan kuskure ya fi ciwo. "He passed away" shi ne ya riga mu gidan gaskiya. "He passed out" suma ya yi. Ɗan'uwa a Amurka ko Ingila zai iya turo saƙo cikin gaggawa, mai karantawa ya musanya su, a sa gida kuka alhali mutum yana raye a asibiti. Sannan za ku gamu da "kick the bucket" a littattafan salon magana, an rubuta cewa mutuwa yake nufi. Haka ne, amma maganar raha ce, ta rashin ganin girma. Ba a kai ta gidan ta'aziyya. Sanin ma'ana rabi ne, sauran rabin shi ne sanin gaban wa ake faɗa.

Wannan ya kawo mu ga Ingilishin maƙwabtanmu, wanda shi muka fi ji kullum. Ɗan Gana ko ɗan Najeriya zai miƙe yana fita ya ce "I'm coming". Mu ba ma ruɗewa, ai "ina zuwa" ne, amma mutumin Landan zai tsaya yana kallon ƙofa. A Gana "chop money" kuɗin cefane ne. A Legas "go-slow" cunkoson motoci ne. "Dash" kyauta ce ko gyara. A Najeriya in aka ce mace ta "put to bed", ta haihu ne, alhali a Ingila wanda ya "put" yaro "to bed" kwantar da shi ya yi ya yi barci. "Flash me", wato ka kira ka katse in ga lambarka, magana ce ta yau da kullum a nan, amma a Turai da Amurka tana da wata ma'ana ta rashin kunya, gara ka ce "give me a missed call". Ni ban yarda a kira wannan gurɓataccen Ingilishi ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya, ciki har da "next tomorrow", wato jibi, da "okada", da "put to bed" ɗin nan, har da Kannywood. Harshe ne na miliyoyin mutane, kuma da shi ake ciniki daga Aflao har Takoradi, daga Seme har Kano. Abin da ake so kawai ka san wanne ne na gida, wanne ne zai yi maka aiki a takardar neman biza ko a saƙon kamfanin jirgin ruwa.

To yaya za a koya? Nemi ƙaramin littafi, ka raba shi bisa wuraren da kake zuwa: shafin waya, shafin hanya, shafin kuɗi, shafin asibiti. Duk wanda ka ji, rubuta jimlar gaba ɗaya yadda aka faɗe ta, da wanda ya faɗa, sannan ka sa Hausarta a ƙasa. Jeren kalmomi tsirara ba ya zama a kai. Tashoshin rediyon Gana suna shigowa Lome, ka riƙa sauraron shirye-shiryen da jama'a ke bugo waya, nan ne ake maganar baki. BBC Learning English yana kan intanet kyauta, haka ƙamusun Cambridge da na Oxford na masu koyo. In ka buɗe kalma irin "put", gangara can ƙasan bayaninta, nan ake jera masu jela. In kuma wayarka za ta fassara maka, ba ta jimla cikakkiya, kada ka ba ta kalma ɗaya ɗaya.

Faransancin nan da na ce tarko ne, yana da ranarsa. Dogayen kalmomi ba su cika harshen damo ba, don haka da su ake tabbatar da magana. Da yaron Alhaji ya mayar da saƙo ya ce "do you mean cancelled or postponed", da amsa ɗaya ta kashe wutar. Tambaya ba ta rage wa ɗan kasuwa daraja. Masu harshen ma suna tambayar juna.

Daga shekarar karatu ta 2023 gwamnati ta fara gwada koyar da Ingilishi a wasu makarantun firamare, ƙannenmu za su taso da abin da mu ba mu samu ba. Kafin nan, ina kira ga 'yan'uwanmu da suka tashi a Gana ko Najeriya suke zaune tare da mu a Zongo, maza da mata: ku ne malaman da muke da su a kusa. Ku ware ɗan lokaci bayan la'asar ku zauna da yaran shago da yaran mota. Ku tuna da iyayenmu mata da ke zuwa sari kasuwannin Makola da Kantamanto a Akara, su ma a koya musu na ciniki da na hanya. Malaman makarantunmu, in za ku koyar da "eat up", ku fara da "cinye". Ku kuma iyayen gida masu ba yara waya su karanta muku saƙo, in magana ta shafi kuɗi ko rai, ku sa a sake tambayar wanda ya aiko kafin ku ɗauki mataki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan "get" shi kaɗai. Kafin nan kowa ya tsinto jimla uku da ya ji da kunnensa, ya rubuta, ya zo mana da su.